Zumar Gida, Yajin Nesa: Tarihin Kayan Zaƙin Biki Tsakanin Yamai da Nuremberg

Ana saura kwana goma Sallah, ko kuma idan kaka ta yi bukukuwan aure suka kankama, layin masu kayan yaji a Babbar Kasuwar Yamai da Katako da Wadata ba ya shiguwa sai da haƙuri. Mata ne tsaitsaye, kowace da lissafinta a ka: citta ta dala kaza, kanumfari na kaza, masoro, kimba, da ɗan kirfa idan kuɗin sun kai. Daga nan sai wajen mai shinkafar tuwo, sai mai man shanu, sai mai sukari. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san inda aka dosa: nakiya za a kirɓa, alkaki za a soya, a naɗa dubulan, a gasa gireba. Su ne abin tarbar baƙon Sallah, su ne kuma ke cika garar amarya har dangin ango su san ƴar gidan mutunci aka kawo musu.

Cikin kayan yajin nan, da wuya ka nuna guda da aka noma a bakin kogin Isa. Cittar daga kudancin Kaduna take fitowa, ƙasar Kaciya da Jaba da Kagarko. Kimba da masoro ƴaƴan kurmi ne, daga kudu ake hauro da su. Kanumfari kuwa asalinsa wasu ƴan tsibirai ne a gabashin Indunusiya, Tarnate da Tidore da maƙwabtansu, kuma sai a farkon ƙarni na 19 aka dasa shi a Zanzibar, inda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da shi babbar dukiyar tsibirin. Kirfa ta ainihi ɓawon itace ce daga Siri Lanka. Ashe uwar amaryar da ke zaune gaban turmi a Bukoki ko Talaje kayan nahiya biyu take haɗawa a cikin abin da muke kira na gargajiya. Kuma na gargajiyar ne, domin iyaye da kakanni haka suka yi.

A watan Disamba, irin waɗannan kayan yajin ne ake jerawa a gidajen Jamus. Makonni huɗu kafin Kirsimeti, iyaye da yara da kakanni kan taru a ɗakin girki suna gasa wani biskit mai zuma da ƙamshi da suke kira Lebkuchen, da ƴan uwansa: ƙananan dunƙulallu masu masoro, da masu siffar tauraro da aka cika wa kirfa, da masu faɗi waɗanda ake dannawa a kan sassaƙaƙƙen katako don zane ya fito a jikinsu. Citta, kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi, masoro: su ma Jamusawan daga waje ake kawo musu su. Nisan ƙasa zai sa a ɗauka babu abin da ya haɗa biskit ɗin nan da nakiyarmu, alhali dalili ɗaya ne ya haife su, har ma akwai zamanin da hanyar fatauci ɗaya ta ratsa ta ƙofar kowannensu.

Garin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Nuremberg, a kudancin Jamus. Tun ƙarni na 13 ake jin labarin wannan gashi a gidajen sufayen Kirista na yankin, waɗanda ke da amya da ma'ajin magunguna. A wancan zamani citta da kanumfari magani ne kafin su zama kayan daɗin baki, kamar dai yadda har gobe ake daka wa mai jego yaji a wurinmu. An ambaci masu yin sa a garin Ulm a 1296, a Nuremberg kuma a 1395. Abin da ya ɗaga Nuremberg sama da saura, da farko, daji ne: birnin yana kewaye da wani ƙaton dajin sarki mai cike da ƙudan zuma, kuma masu ɗibar zuma a cikinsa ƙungiya ce mai ƙarfi, har Sarki Karl na Huɗu ya ba su takardar gata a 1350, suna da kotunsu ta kansu a ƙauyen Feucht. Sai kuma hanya. Fataken Nuremberg suna ƙetare duwatsun Alps zuwa Venis, inda tun 1228 Jamusawa ke da zangonsu, masauki da rumbun ajiyar kaya a bakin ruwa. Can suke sayen yajin da jiragen Venis suka ɗauko daga Iskandariya da Bairut, wanda shi kuma Larabawa da Indiyawa suka kawo daga gabas. Ga zuma a ƙofar gida, ga yaji yana sauka a kasuwar gari.

Lebkuchen abin marmari ne, ba na kowa ba. Ana ba da labarin cewa a 1487, da Sarki Friedrich na Uku ya zo taron masarauta a Nuremberg, ya sa an tara yaran gari kusan 4,000 aka raba musu ƙananan Lebkuchen masu ɗauke da hotonsa. Da abin da yaro ke samu kullum ne, da ba a riƙe labarin fiye da shekara 500 ba. Masu sana'ar sun daɗe a ƙarƙashin masu burodi, sai a 1643 majalisar gari ta yarda su kafa ƙungiyarsu, da gwanaye 14, kowane gida yana ɓoye sirrin haɗin yajinsa.

Yajin da ke isa kasuwannin Turai a lokacin ba duka ne daga gabas ba, akwai na Afirka ta Yamma. Citta mai ƴaƴa, wadda ke fitowa a kurmi, tana hawa raƙuma ta ƙetare Sahara zuwa gaɓar Tarabulus, daga nan jiragen Italiya su kwashe. Tun ƙarni na 13 Turawa sun san ta, suna sa ta a abinci da abin sha, suna saye da tsada ba tare da sun san takamaiman inda take fitowa ba, har suka laƙaba mata sunan ƙwayar aljanna. Kimba ma ta bi wannan hanya, ana amfani da ita a madadin masoron Indiya. Da mutanen Fotugal suka zagayo ta teku a ƙarni na 15 suka iske tushen abin, sai Turawa suka riƙa kiran gaɓar da Laberiya take a yau da sunan wannan citta. Bayan Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498, masoro ya wadata, kasuwar citta mai ƴaƴa ta fara ja da baya. Yajin nan da jini a jikinsa. A 1621 kamfanin Holan ya mamaye tsibiran Banda, tushen gyaɗar ƙamshi, ya hallaka mafi yawan mutanensu don kada kowa ya sayar sai shi. Dole mai ba da tarihin kayan zaƙi ya faɗi wannan, dole kuma mu faɗi namu: ayarin da ke kawo mana kanumfari da sukari daga arewa, da bayi yake komawa.

Shaidar da ta fi kusa da mu wani Bajamushe ne ya bar ta. Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850, ya ga Agadas a watan Oktoba na shekarar, ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851. Mutum ne mai son lissafi. Ya zauna ya rubuta abin da ake kawowa Kano daga arewa: alawayyo daga Manchester, siliki da sukari daga Faransa, duwatsun wuya daga Venis, takarda mai tambarin wata uku, ruwan takobi daga Solingen, sai madubai da allurai da ƙananan kaya daga Nuremberg. Ya kuma ambaci turare da kanumfari cikin kayan da ake kashe wa kuɗi. Wato a daidai lokacin da gwanayen Nuremberg ke auna kanumfari a ƙullunsu, allurar maƙeran garin tana kasuwar Kurmi, inda ake sayo wa matan Kano nasu kanumfarin. Ranar Kirsimetin 1852 Barth ya shiga Damagaram, kuma har yau ana nuna gidan da ya sauka a unguwar Birni. Ranar 20 ga Yuni 1853 ya isa kogi a Say, kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu, bayan ya ga masu dafa gishiri a Dallol Foga. Da ya dawo a 1854 ya biyo gaɓar kogin ta yankin da Yamai take a yanzu. Babu birni a nan a lokacin, ƙauyuka ne na manoma da masunta da makiyaya.

Ayarin da ya kawo allura shi ya kawo girki. Fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Katsina da Kano da Damagaram da Agadas ba su baro cimarsu a gida ba. Alkama ta fi ƙarfin talaka a wancan lokaci: sai da rani ake nomanta, ana ban ruwa, a wurare irin su fadamun Kano da bakin Komadugu da lambunan Azbin. Don haka gurasa da taliyar hannu da alkaki sun fara ne a gidajen Larabawa da fada da attajirai, ta hannun matan gida da kuyangi da ƴaƴan da aka aura tsakani, kafin su bazu cikin gari. Wanda ya je Libiya ko Tunisiya da azumi zai ga ƴar uwar dubulan, siririn ƙulli da ake naɗewa a soya a tsoma a ruwan sukari, zai kuma ga ƴar uwar gireba, har sunayen ma ba su yi nisa da namu ba. Amma abin da ya iso bai zauna yadda ya zo ba. Matan Hausa sun sa masa tsamiya da ruwan kanwa da man gyaɗa, sun ɓarza alkamar maimakon niƙa ta lilis, sun bar ƙullin ya kwana ya yi tsami. Nakiya kuwa ba ruwanta da alkama. Shinkafa ce da zuma da man shanu da yaji, kuma daga Borno har Sakkwato kowane gari da irin hannunsa.

Yamai ta baya-bayan nan ce. Faransawa sun kafa sansani a nan a farkon ƙarni na 20, tsakanin ƙauyukan Zabarmawa da Mawri da Fulani irin su Gudel da Gamkalle da Saga da Lamorde. A 1911 suka ɗauke babban birni daga Yamai suka mayar Damagaram, a 1926 suka dawo da shi. Daga nan gari ya riƙa cika da baƙi. Fataken Hausa suka sauka a Zongo, ma'aikata suka zo da iyalansu daga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Ƙonni. Akawuna da malaman makaranta daga Dahome da Togo, waɗanda da yawansu Kiristoci ne, su da Faransawan da ƴan mishan Katolika da suka zauna tun farkon shekarun 1930 suka kawo Kirsimeti garin. Dogon burodi da gato da biskit na gwangwani suka shigo ta wannan ƙofa, cincin ya hauro daga bakin teku. Shi ya sa a farantin Sallah guda a Yamai za ka ga alkaki da dubulan na hanyar Sahara, ga cincin na hanyar kudu, ga gato na zamanin Faransa. Maƙwabtaka kuma ta saba da musayar kwano: Musulmi ya aika wa maƙwabcinsa Kirista naman layya, shi kuma ya rama da Kirsimeti.

Babban abin da ya sauya waɗannan kayan, a can da nan, shi ne sukari. A 1747 wani masani a Berlin, Andreas Marggraf, ya gano akwai sukari a cikin wata saiwa da ake nomawa a ƙasar sanyi, ɗalibinsa Franz Achard kuma ya gina masana'antar farko a Silesiya a farkon ƙarni na 19. Da Napoleon ya toshe cinikin Ingila da Turai a 1806, sukarin rake ya yanke, sai aka koma wa na gida. Kafin ƙarnin ya ƙare sukari ya yi araha, murhun ƙarfe mai tanderu ya shiga gidajen talakawa, a 1893 kuma August Oetker na Bielefeld ya fara sayar da hodar tashin ƙulli a ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi daidai rabin kilo na gari. A nan ne gashin Kirsimeti ya fito daga hannun ƙungiyar gwanaye ya shiga ɗakin girkin uwa. Al'adar da Bajamushen yau ke gani kamar tun fil'azal take, a ƙarni na 19 ta zama ta gidan kowa.

A wurinmu, sukarin da Barth ya gani a Kano ɗan curi ne mai tsada da ya sha tafiyar wata da watanni a bayan raƙumi. Zaƙin talaka shi ne zuma da rake da takanɗa da dabino da maɗin ɗinya, daga baya mazarƙwaila. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, motoci suka fara hauro da kaya daga bakin teku, sai sukari ya kai har ƙauye. Ya kawo sauƙi, gidan da a da ba ya iya nakiya sai ya iya. Amma ya kori zuma daga turmi. A yau mafi yawan alkakin da ake sayarwa a ruwan sukari ake tsoma shi, kuma yara da dama sun girma ba su taɓa ɗanɗana na zuma ba. Ina ganin wannan asara ce ta gaske. Zuma tana da ɗaci-ɗaci da ƙamshin furen da ƙudan ya sha, su ne ke tare kaifin citta da masoro, sukari kuwa zaƙi ne tsagwaronsa. Zumar ba ɓata ta yi ba. Ana rataya amya a Gaya da Madarumfa da Magarya, kuma ƙauyukan gefen gandun dajin W, irin su Moli Hausa a ƙasar Tamu, sun yi suna da ita, ko da yake rashin tsaron shekarun nan ya sa zuwa can da fito da kaya ya yi wuya. Tsada da tsoron algus ne ke hana uwar biki sayenta.

Idan aka gwama aikin biyu, sai a ga hikimar ɗaya ce. Ƙullin Lebkuchen na asali zuma ce da aka ɗumama aka kwaɓa da gari, a rufe a ajiye a wuri mai sanyi, a gida kwana ɗaya ko ƴan kwanaki, a wajen gwanaye makonni ko watanni. A wannan zaman yakan yi ɗan tsami. Ranar gashi sai a zuba yaji, a narka wani farin gishiri da tun asali daga tokar itace ake tace shi, a haɗa. Gishirin tokar ya gamu da tsamin, iska ta tashi a cikin ƙullin, ya saki jiki. A murza, a yanka, a gasa kamar minti 15 a wuta matsakaiciya, wajen digiri 180. Mai alkaki ba za ta ji wani baƙon abu a nan ba: ita ma takan kwaɓa ɓarzajjiyar alkama da nono ko yis, ta rufe ta kwana, da safe ta tsiyaya ruwan kanwa ta kashe tsamin, sannan ta murza ta naɗe ta soya. Kanwar ma ba daga nesa take ba, ga Dallol Boso nan gabas da Yamai, inda mata ke tace ƙasa suna dafawa.

Nakiya ta fi wahala, kuma a ganina ita ce gaba da duka. A wanke shinkafa a shanya, a niƙa, a soya garin a busasshiyar tukunya ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi ja ya fara ƙamshi. Sakaci kaɗan ya ƙone, ɗacin kuwa ba ya fita. A gefe ana dafa zuma ko sukari da ruwan tsamiya ko lemun tsami har ya yi danƙo. Tsamin nan ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, shi ke hana sukarin komawa tsakuwa idan ya huce. Sannan a juye a turmi da dakakken yaji da soyayyen man shanu, a yi ta kirɓi. Hannu biyu ba sa iya wannan aiki, shi ya sa ranar nakiya ranar gayya ce: ƙannen uwa da gwaggwanni da maƙwabta, ana karɓa-karɓar taɓarya, wata tsohuwa na zaune tana taɓawa da yatsa. "Da saura, ƴan nan, ku ƙara mata mai." Jim kaɗan a miƙa mata, "Inna, duba ko ta yi." Da abokin daka akan sha gari. A nan yarinya ke koyo, babu sikeli babu takarda, sai ido da hanci da yatsa.

Lebkuchen da nakiya dukansu an yi su ne don su daɗe. Zuma da sukari suna kama ruwan da ke cikin abinci su riƙe, ƙwayoyin da ke sa ruɓa da fumfuna su rasa abin sha, man da ke cikin kanumfari da kirfa shi ma yana taimakawa. Bajamushiya takan gasa nata tun farkon Disamba ko kafin nan, ta zuba a gwangwani ta jefa yankin tuffa a ciki, domin sabon gashi tauri gare shi, sai ya kwana biyu yake laushi. Nakiyar da ta ji wuta da mai takan yi watanni a rufe, har ta ga shekara. Shi ya sa take guzurin matafiyi da mahajjaci, take kuma zama a ɗakin amarya tana fito wa baƙi da ita kaɗan-kaɗan. A gidan da ba firji, cikin zafin Afrilu na Yamai da ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Na Jamus ya faro daga gwanaye ya shige gida, namu kuwa yanzu yana fita daga gida zuwa hannun ƴan sana'a. Uwar amarya a Yamai ta yau, musamman ma'aikaciya, takan kira mai yi ta waya ko ta WhatsApp, ta ce bokiti kaza na dubulan, kaza na cincin, kaza na alkaki, a kawo a lulluɓe da leda mai ƙyalli. Mata da yawa suna riƙe gida da wannan sana'a, abin a yaba musu ne. Sai dai mai sana'a dole ta yi lissafi, kuma kayan kusan duk na shigowa ne. Karya darajar sefa a Janairun 1994 ta kusa ninka kuɗin abin da ake sayowa daga waje dare ɗaya. Rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da manyan motocin da ke hauro da kaya daga Kwatano. A shekarar ce kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta cinye mafi yawan amfanin, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Duk lokacin da haka ta faru, abin da ido ba ya gani shi ake fara ragewa: man shanu ya koma man jarka, yaji biyar ya koma biyu, a taƙaita kirɓi. Sai ka ga nakiya a ido, a baki kuwa ba ita ba ce.

Jamusawa sun gamu da irin wannan da masana'antu suka shigo sana'ar, sai suka ɗaure abin da rubutu. Mafi daraja cikin Lebkuchen, wanda ake kira Elisen, dole ya ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin 100 na almon da danginsa na ƴaƴan itace masu mai, garin alkama kuma kada ya wuce kashi 10. Tun 1996 Tarayyar Turai ta yi rajistar sunan Lebkuchen na Nuremberg, ba mai rubuta Nuremberg a kan gwangwaninsa sai in a cikin birnin aka gasa. Nijar ma ta san wannan hanya: hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, mai mazauni a Yawunde, ta riga ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi irin wannan rajista. Ba cewa nake a kai nakiya can gobe ba. Ba ta gari ɗaya ba ce, ba ma ta ƙasa ɗaya ba, ƴar Maraɗi da ƴar Katsina da ƴar Maiduguri duk suna da haƙƙi a kanta. Abin da ke gaban rajista shi ne rubutawa, kuma shi ya fi gaggawa.

Yamai tana da gidajen da aka gina don irin wannan aiki. Ga CELHTO, cibiyar tattara tarihin baka da ta faro a 1968 zamanin masanin tarihi Bubu Hama, ga IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdu Mumuni. Ɗalibar da ke neman abin bincike tana iya ɗaukar na'urar naɗar murya da ƙaramin sikeli ta zauna gefen turmi a wani gida a Zongo ranar gayya. Ta auna tiya nawa ta shinkafa, zuma lita nawa, yaji iri nawa kuma wanne ake fara dakawa. Ta tambayi tsohuwar wa ya koya mata, daga wane gari, da me ake yi kafin sukari ya wadata, kuma a wane biki ta fara barin zuma. Sannan ta yi haka a Damagaram da Agadas da Ƙonni, a kwatanta. Waɗanda suka kama taɓarya kafin samun ƴancin kai a 1960 yanzu sun doshi shekara 80.